Gyaɗar da Ta Sauke Ni Daga Kujera

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da Juma'ar da na yi salla a kan kujera ba, mahaifina yana gefena yana kai goshinsa ƙasa. Shi tsoho ne tukuf, manomi a Sandamu, ni kuwa ko furfura ban fara ba. Kunyar da na ji ran nan, Allah kaɗai ya sani.

A lokacin ina da shagon yadi a kasuwar Daura, sana'a ce ta zama. Duk mai tallar da ta gifta ta san ni: mai fanke, mai awara, mai zoɓo. Jiki ya yi ta buɗewa, mutane suna cewa hutu ne, ni kuma ina washe baki, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Likita ta ce in rage nauyi ko in saba da kujera. Na gwada ƙaurace wa abinci, amma kafin la'asar yunwa ta rufe min ido, in na koma gida in share tuwon mutum biyu. Da na kai mata kuka, ta ce in daina azabtar da kaina, in riƙa cin gyaɗa tafi ɗaya da hantsi in kora da ruwa, tana riƙe ciki, kwaɗayin kayan talla zai ragu.

Na yi dariya a raina. Gyaɗar da ake matse mai a jikinta? Duk da haka na bi, amma irin nawa bin. Na sayi ɓararriya soyayya cike da kwalba, na girke ta gefen almakashi. Ina awon yadi ina kai hannu, kafin azahar kwalba ta zama wayam. Maƙwabcina mai takalma ya leƙo ya ce, "Alhaji, likitar nan maganin rama ta ba ka, ko kiwo ta sa ka?"

Ana cikin haka Baba ya shigo gari, muka yi sallar da na faɗa. Da muka dawo shago ya ga kwalbar, ya tambaya, na yi masa bayani. Sai ya cusa hannu aljihu ya ɗebo gyaɗa mai ɓawo, ya zuba min a tafi.

"Likita ta yi gaskiya," ya ce. "Mu a gona wannan ke kai mu azahar. Amma ka ɓara da hannunka, ka tauna a tsanake. Wanda aka ɓare wa ba ya sanin ya ƙoshi."

Sannan ya ƙara da cewa a hankali, "Ina so kafin in tafi in ga goshinka a ƙasa kusa da nawa."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Daga ranar na sallami kwalba. Tafi ɗaya mai ɓawo, kofin ruwa, sai tafiya shago a ƙasa maimakon babur. Abin mamaki, masu talla suna wucewa raina bai biya ba, tuwon dare ma ya dawo na mutum ɗaya. Riguna suka fara yi min yawa, har gwaggona ta ja ni gefe tana tambaya ko matata ta daina girki ne.

Bayan kakar shekarar ta wuce, ta gaba ta zagayo, Baba ya sake shigowa Juma'a. Na bar kujera a shago. Na yi ruku'u, na durƙusa, goshina ya taɓa ƙasa, hawaye na zuba. Da muka fito bai yaba min ba, ba halinsa ba ne. Hannu kawai ya miƙo ya ce, "Ɗan sam min gyaɗar nan."

Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin da na koya shi ne, ba yunwa ke gyara jiki ba, sanin iyaka ne. Har gobe ba na yarda kowa ya ɓare min gyaɗa.