Saniyar da ke ƙarshen layi

Ni da abokina ɗan Aliero, garin albasa, muka rubuta sikirif ɗin, wato jerin umarnin da ke haɗa uwar kwafi guda ta manhajoji, wadda muke zuba wa kwamfutocin makarantu daga Jega har Maiyama. Ni ne mai surutu, shi ne mai kai. In ya shigo shagona, sai in rantse har allon kwamfuta hawaye yake yi saboda warin albasa.

Aikin kamar gayyar biki yake. Ka kira manhaja ɗaya, ta ce ba ta zuwa sai da ƙanwarta, ƙanwar ta ce sai da kakarta. Shi ya san dangin kowace. Ya kuma kafa doka a layin farko: ko ɗaya ta ƙi zuwa, aiki ya tsaya cak.

A can ƙasan jerin ya cusa wata manhajar banza. Ba ta tsinana komai sai zana saniya da haruffa in an gama haɗawa, ta yi magana. Abin da ya sa mata a baki shi ne: "Ɗan Jega, an ƙare. Mi ka yi ban da surutu?"

Na ce, "Sarkin albasa, cire dabbar nan."

Ya ce, "Ba ni cirewa. Ita kaɗai ka gaya maka gaskiya."

Bara zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu aka kai shi makwanci. Bayan addu'ar bakwai na riƙa tayar da sikirif ɗin ba gaira ba dalili, in zauna in jira awa guda cur, don kawai saniyar ta zage ni.

Sai wata makarantar Islamiyya a Maiyama ta kawo kwamfutoci, ana son su kafin a dawo daga hutu. Na tayar da aiki da hantsi, ya tafi lafiya har ƙasa, ya tsaya. Saniyar ta jingina da wata tsohuwar manhaja, ita kuwa an kwashe ta daga rumbun intanet da muke ɗebo manhajoji. Na yi kwana uku ina nema, na leƙa duk wani lungu na intanet, har da waɗanda aljanu suka ƙaurace wa. Na samo tsohon kwafi, ya ce shi ma sai da nasa dangin, su kuma sun ƙi zama da sababbi. Da abokina yana nan, da kafin shayi ya huce ya sasanta su.

Shugaban makarantar ya kira, ya ce, "Malam, yara fa sun dawo."

Ban iya goge layin saniyar ba. Na sa masa alamar nan mai kama da gidan dara a gaba, wadda ke sa na'ura ta tsallake layi amma mutum ya iya karantawa.

Aiki ya tafi sumul har ƙarshe. Na zauna ina kallon allon. Ba wanda ya tambaye ni me na yi.