Haƙorin Makkan da Yaya Habi Ba Ta Sa Ba

A shekarun da kuɗin mai suka cika gari, a Katsina kusan duk wanda ya sauko daga jirgin alhazai da haƙorin zinariya yake dawowa. Har waɗanda ba su je ba sai suka soma sawa. Akwai wani mutum da ke bin gidaje a Ƙofar Durbi da ɗan akwatinsa, ya goge wa mace haƙori da zarto ya kifa mata kwanson rawaya a kai. Yayata Habi, wadda aka yi wa aure shekara guda kafin nan, ta yi alkawari da shi ranar Alhamis. Fiƙarta ta hagu za a goge, lafiyayya, fara tas.

Ranar Laraba ta zo gida wuni. Da aka idar da magariba muka kewaye kakarmu, Iya Mero, a bakin murhu kamar kullum, tana tura itace da ƙafa. Ta riga ta ji labarin. Ta dai ce, "Ga ta nan, ku matso. Habi, ke ma taho, aure bai raba ki da kunne ba."

Wai akwai wata mata mai gari guda a cikin bakinta. Haƙoran gaba su ne masu yanka, su ake gani in an yi dariya. Fiƙoƙi suna tsaye a kusurwa, su ke yagar nama. Turame kuwa suna can ciki suna niƙa, ba mai gode musu. Kowane da farar rigarsa mai tauri da Allah Ya sa masa. Sai matar nan ta raina rigar fiƙarta, ta sa aka kankare ta, aka sa mata ta zinariya.

Rigar aro ba ta zauna daidai ba. Tuwo ya riƙa shiga ta ƙarƙashi, tsokar nama ta bi, goro ya bi, asuwaki kuwa ba ya kaiwa can. Fiƙa ta yi ta kuka, maƙwabtanta suka ce ba ruwansu, ai ita ce mai ado. Dasashi ya kumbura ya soma tsatsafo da mugunya. Matar na buɗe baki mutane na kau da kai, ita kuwa tana zaton ƙyallin ne ke kashe musu ido. Ran nan a gidan biki ta gatsa nama, sai ga kwanson ya faɗo cikin kwanon miyar da mata shida ke ci.

Muka yi ta tofar da yawu. Yaya Habi ta taɓe baki ta ce, "Iya, wannan ai ƙazama ce. Ni zan riƙa wankewa."

"Ke ja'ira, da mi za ki wanke abin da ba ki gani?"

Iya Mero ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon gwangwanin turare. Ta zazzage shi a tafin Yaya Habi. Kwanson zinariya ne, a cikinsa akwai wani baƙin dunƙule kamar ruɓaɓɓen goro, da guntun saiwa mai launin ƙasa. Duk da daɗewarsa yana wani irin ɗoyi mai tsami. Sannan ta ɗaga leɓenta da yatsa ta nuna mana giɓin da muka saba gani ba mu taɓa tambaya ba.

"Ni ce matar. A Makka na sa shi. Da ya faɗo a miya, uwar ango ce ta tsamo mini shi da ludayi."

Yaya Habi ta watsar da shi ta ruga bakin rariya tana kakarin amai. Ni kuwa kuka na fashe da shi, don tausayin Iya ya fi ƙyamar yawa. Washegari da mai akwati ya yi sallama, aka ce masa an fasa.

Sai da na shiga sakandare na koyi cewa farin ɓawon nan na haƙori in ya tafi ba ya komawa, kuma ƙarƙashinsa jijiya ce mai rai. Amma ba wannan ne ke zuwa mini ba in na tuna Iya, Allah Ya jiƙanta. Tsohuwa ce mai jin kunya, ko dariya sai ta rufe baki da mayafi. Shekaru tana ɓoye abin nan, ta fito da shi gaban yara don haƙori guda na jikarta. Ni da na haifa, sau nawa na zaɓi in yi wa 'ya'yana faɗa maimakon in ce musu ni ma na yi, ga abin da ya same ni? Yaya Habi ta tsufa yanzu, turamenta biyu sun zube, amma da Babbar Sallar da ta wuce na zauna ina kallonta tana yagar soyayyen nama da fiƙar hagu.