Ƙahon da Muka Bi Har Ƙasar Zulu

Duk wata babbar tafiya da tarihi ya ga ya dace ya adana tana da dalili mai nauyi: gishiri, zinariya, neman ilimi, ko ziyarar Ɗakin Allah. Tamu ma ba ta gaza ba. Mun ratsa kusan dukan tsawon Afirka domin mu duba hancin wata dabba.

Yayan matata makiyayi ne a Gougaram, ya haura saba'in, kuma tun da na san shi labarinsa ɗaya ne. Kusa da rijiyarsu akwai wani dutse da mutanen da can suka zana ƙatuwar dabba a jikinsa. Yana ƙarami, zamanin Nasara, wani kumandan ya zo da masu guduma, suka ɓalle wajen kan, suka ɗora wa raƙumi. Cikin waɗanda suka ga zanen tun kan yana nan shi kaɗai ya rage, kuma ya rantse ƙahon a bisa hanci yake. Abokan kiwonsa sun tsufa suna yi masa dariya. Ni da na ƙare ƙarfina ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na kai musu littafi na nuna musu karkanda, suka ce wanda ya iya zana dabba ya iya ƙara mata abin da ya ga dama. Na nuna musu a waya, suka ce a wayar nan sun ga akuya tana tuƙa mota.

Idonsa na hagu ya mutu, na dama yana bin sawu. Ɗansa, wanda ya koyi gyaran manyan injuna a mahaƙar Arlit kuma yanzu yake aiki a wata tashar jiragen ruwa ta ƙasar Zulu, ya aiko a kawo shi wajen likita, ni kuma in raka shi tafinta. Tsohon ya ƙi. Sai da aka ce masa dabbar tana can da ranta ya tambayi ina takalminsa.

Mun tashi da asuba daga tashar Arlit. Hanyar Agadez tana nan yadda kuka santa: gudro ne, wato kwalta, a taswira, a ƙasa kuwa ramuka ne da ake tunawa da gudro a tsakaninsu. Daga Yamai muka hau jirgi, muka sauya wani, muka sake sauya wani, har muka sauka Durban. Abin da ya fara tsorata ni shi ne sitiyari a dama, mota a hagu. Abokin tafiyata kuwa hanci ya ɗaga, ya ce an yi ruwa, mu yi hamdala. Ɗansa ya ce teku ne, Baba, haka yake wari kullum.

Durban birni ne mai tsabta da masallatai masu faɗi, yawancinsu na jikokin Indiyawa. A can muka ci wani abinci da ya cancanci a yi masa nazari: a yanke rabin burodi, a ƙwaƙule cikinsa, a cika da miyar rago mai yaji, a ba ka. Kai ne mai ci, kai ne mai wanke kwano, domin kwanon ma cinye shi za ka yi. Nama ya fi namu araha, shayi kuwa ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Allah Ya so tsohon ya zo da butar shayinsa.

Likitar idon ta daɗe tana haska fitila, sa'an nan ta yi magana a hankali, tana kallona. Abin da ya tafi ya tafi, in ji ta, ragowar kuma da wuya ya kai baɗi. Na yi shekaru ina fassara wa yara waƙoƙin Turawa ban taɓa rasa kalma ba sai ranar. Da na gama kame-kame, ya gyara rawaninsa.

"Mushe, na gane tun kafin ka fara," in ji shi, yana kirana yadda ake kiran malamin lakwal. "A kai ni wajen dabban."

Muka nufi arewa a motar ɗansa. In an ce maka kore a Arlit, lambun albasa kake tunani, mai shinge da mai gadi. A nan kore ba shi da mai gadi. Rake ne tudu bayan tudu, sa'an nan ciyawa har bakin titi, babu wanda ya kula ta. A kowane gida, ko na siminti ne mai eriya, sai ka ga ɗaki zagaye a gefe, wanda suka ce na ganawa da kakanni ne. Tsohon ya sa aka tsaya, ya sauka, ya cusa hannu cikin ciyawar har gwiwar hannu.

A nan wani dattijo Bazule ya same mu da shanunsa, masu dabbare-dabbare kamar an yayyafa musu tawada. Kowane launi da sunansa, in ji shi, wani sunan ƙwan tsuntsu, wani na inuwar itace. Na fara fassara, sai na ga ba a bukatata. Namu ya shafa wuyan wata saniya, ya taɓa hantsarta, ya ɗaga yatsu yana nuna haihuwarta nawa. Nasu ya kwashe da dariya ya gyaɗa kai. Aka kai mu gida, aka kawo kindirmo da dambun masara. Da a ce an rufe mini ido sai in rantse a rugar Dannet ta can gida nake. Da yamma samarinsu suka yi mana rawar da ake ɗaga ƙafa ta wuce kai a buga ta ƙasa har ƙirji ya amsa. Na yaba ƙwarai, daga zaune.

Gandun dajin da dabbar take sunansa Hluhluwe, kuma ina ba duk mai haƙoran roba shawara kada ya gwada furta shi. Mai yi mana jagora wata mace ce mai kaki, mai ƙaramar murya. Ta nuna mana giwaye, raƙuman dawa, jakunan dawa masu zane kamar rigar fursuna. Ni na cika da mamaki. Shi kuwa duk abin da ya wuce tsawon igiyar guga hayaƙi ne a wurinsa, don haka ya zauna yana jan carbi.

Rana ta yi sanyi muka sami karkandar. Ba mu muka je wurinta ba, ita ta fito daga kurmi tana kiwo, ta matso har muna jin fizgar ciyawa da hucin numfashinta. Girmanta ya kai ƙaramar mota. Tsohon ya rufe mataccen idon da tafi, ya leƙa da mai ran, ya bi ta tun daga wutsiya.

"Shi ne," in ji shi a hankali. "Ga ƙafan, ga tozon. Shi ne wallahi."

Sai ta ɗago kai. A bisa hancinta babu komai sai wani kututture mai faɗi, kamar gindin itacen da aka sare.

Jagorar ta yi bayani, ni ina fassarawa. Ɓarayi ke kashe su saboda ƙahon, don haka masu gandun suke sa musu barci su yanke shi da zarto, a bar dabba da ranta. Ba ya mata zafi, kamar farce ne. Ta ƙara da murmushi cewa kada Baba ya damu, yana sake tsirowa, ya dawo bayan shekara biyu zai gani. Wannan jimlar ta ƙarshe na tsaya ina juya ta a baki. Ɗansa ya kau da kai waje.

"Faɗi, Mushe."

Na faɗa. Ya yi 'yar dariya, ya ce in gaya mata ya gode, kuma sun yi dabara: wancan karon an ɗauki kai an bar masa dutse, wannan karon an ɗauki ƙaho an bar masa dabba tana numfashi, ya ga an samu ci gaba. Bai sauke tafinsa daga ido ba har ta shige kurmi.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, ramukan Agadez suka karɓe mu ɗaya bayan ɗaya. Na koyi cewa makiyayi ba ya bukatar tafinta a gaban saniya, cewa akwai ƙasar da ciyawa ke tsufa ba a ci ta ba, kuma akwai mutanen da suka ƙaunaci dabba har suka rage mata kyau don ta rayu. Na raka shi Gougaram, tsofaffin suka taru a bakin rijiya, ya ba su labari tun daga teku. Ni kuma, a matsayina na shaida mai ilimi, na fito da waya na miƙa musu hoton da na ɗauka da hannuna. Ta zaga hannu zuwa hannu, kowa ya duba da kyau.

A hoton babu ƙaho.