Dubiyar Safe

Da kakar bana Yaya Hanne ta cika shekara bakwai a ƙasa. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har ta bar duniya Auta take kirana, duk da furfurar da ta fito mini. Allah ya jiƙanta. Ni dai har yau maganarta ba ta bar ni ba.

Aure ya kai ta Dudunni, ni kuma aikin ƙaramar hukuma ya zaunar da ni Kankia. Mace ce mai ƙarfi, in ta ɗaga taɓarya maƙwabta sun san gidan da ake daka. Sai wani abu ya same ta. Da safe garau take tashi, ta yi shara, ta yi surfe. Rana na karkatawa sai fatar idonta ta sauko, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta koma ta hanci, tuwo ma ya gagare ta haɗiya. Bayan mun sha yawon asibiti, wani likita a Katsina ya ce garkuwar jikinta ce ta juyo tana faɗa da jikin. Ya rubuta magani, ya ce kada ta kuskura ta bari.

Muna dawowa a mota ta ce, "Auta, jikin mutum ya yaƙi kansa? Anya likitan nan ya gane?" Na ce mu dai bi a hankali. Gaskiya ni ma ban gamsu ba.

To, mu nan da safe muke dubiya. Mata su gama kari su yafa mayafi, maza su biyo kafin su wuce gona. Duk wanda ya zo sai ya tarar da ita tsaye. A ce, "Ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi," don ba a amsawa da wani abu daban. Su fita suna cewa ai Hanne ta warke. In yamma ta yi, lokacin da ciwon ke sauka, kowa na gidansa, mijinta Malam Lawal kuma yana kasuwa. Daga ita sai ciwon. Aka fara cewa son jiki ne, wasu suka ce sammu. Ni ma da safe nake hawa babur in je kafin ofis, in ga abin da kowa ya gani, in ce a raina gani ya kori ji. Ashe ban ga komai ba.

Sau uku tana ce mini, "Auta, ka taho da la'asar ka gan ni." So take mutum ɗaya ya gani da idonsa, ya ce mata ba ƙarya take yi ba. Ni kuwa sai in ce, "Yaya, ranar Asabar in sha Allahu." Asabar ta zo, ɗaurin aure ya taso, ko hadari ya haɗo.

Da kowa ya ce lafiyarta lau, ita ma ta fara zargin kanta. Ta ajiye maganin ba ta gaya wa kowa ba. Wata mura ta kama ta, numfashi ya gagara. Ranar da na fara shiga Dudunni da la'asar, makararta na je ɗauka. Daga baya matan da suka zo gyara ɗakinta suka tsinci ƙwayoyin cikin wata samira, ba a taɓa rabinsu ba. Na yarda kwana ne ya ƙare. Amma da na sani ƙeya ce, kuma tawa tana da nauyi.

Yanzu ina ganin masu irin wannan ciwo suna ɗaukar hoton idonsu a waya da yamma, su nuna wa likita, su nuna wa dangi. Da tana nan na san dariya za ta yi mini, ta ce ashe sai waya ce za ta yi mata shaida, alhali tana da ƙane. 

Taɓaryarta tana gidana, jingine a bayan rumbu, matan yanzu sun ce ta yi musu nauyi. Ta kuma bar mini wata ɗabi'a da mutanen Kankia ke yi mini tsiya a kanta: ba na zuwa dubiya sai bayan la'asar. In mara lafiya ya ce da sauƙi, sai in cire takalmi, in gyara zama, in ce, "Na ji. To, yanzu gaya mini."

Sai su fara. Na ba kowa a garin nan wannan zama, ban da wadda ta roƙe ni sau uku.