Butar Ƙofar Shagona Ta Kai Ni Kampung Baru

Bukit Jalil, ƙarfe shida da kwata

Gari bai waye ba na fito, takunkumi a fuska, kular masa a hannu. Abinci nake sayar wa ɗalibanmu na gida da ke karatu a nan ƙasar waje, kuma lokacin korona ba a zama a ci, sai dai tapau, a ƙunshe maka ka tafi. Kuskurena buta. Na ajiye ta bakin ƙofa kamar a Kano, inda ƙasa ke shanye ruwan alwala. Nan kuwa tayil ne, ga damina. Azman, mai babur ɗin da ke kai mini abinci gidaje, ya taka santsin ya faɗi, hannunsa ya karye. Masu ginin suka ce in ya kai ƙara, shagona ya rufu ke nan. Shi ya sa na kama hanyar gidan su Azman da tsarabar masa don mu sasanta.

A tashar jirgin ƙasa aka auna zafin jikina, na nuna shaidar korona a waya. Ringgit uku da 'yan kai kuɗin tafiyar. Kujera ɗaya a zauna, ɗaya a bari. Na sauya jirgi a Masjid Jamek.

Kampung Baru, ƙarfe bakwai da minti goma

Ikon Allah! Gidajen katako da bishiyun ayaba, a bayansu dogayen tagwayen benayen da birnin ya yi suna da su sun shige cikin gajimare. Na saki baki ina kallo har ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Uwar Azman, wadda kowa ke kira Mak Cik, shinkafar kwakwa take sayarwa a rumfa. Duk ruwan nan, ƙasan rumfarta a bushe ƙayau. Shimfiɗar roba mai huji-huji tun daga bakin titi, ƙaramar kwata tana janye ruwa gefe, wurin wanke hannu can baya. Wallahi ban taɓa ganin tsari irin wannan ba, ni da nake ji da kaina.

Na fara jero jawabin da na haddace da Turanci, na inshora da lauya. Ta ɗaga hannu.

"Makan tukuna," in ji ta, wato in ci abinci.

Na ci. Sai ta kira Azman, ya fito da hannu a ɗaure.

"'Yar'uwa, kin yi mini maganar shagonki," ta ce. "Ba ki tambayi hannunsa ba. Shi ke ciyar da gidan nan."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na fashe da kuka, na ce, "Azman, yaya hannun? Ka yafe mini."

"Da sauƙi, Anti. Ba zancen kotu. Amma masu babur da yawa ke zuwa ƙofarki."

Mak Cik ta naɗe ragowar robarta ta ɗora mini a kafaɗa. "Yau za ki shimfiɗa, ba gobe ba."

Gida, ƙarfe goma saura kwata

Ko mayafi ban cire ba na durƙusa na shimfiɗa robar a ƙofar shago, na mai da wurin alwala bayan shago. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mak Cik. Sati shida Azman ya yi bai hau babur ba, ni kuwa shagona ko yini ɗaya bai rufu ba. Har yau wannan na damuna.