Zazzaɓin Ƙarshen Wata

A gidan hayar da na tashi a unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Douala, ba a ware yara wajen fita. In uba ya ce zai kai 'ya'yansa yawo, to yaran gidan ne gaba ɗaya, nasa da na maƙwabta, har da wanda bai iya ɗaure zariyar wandonsa ba. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Da yake Baba ne kaɗai mai aikin biro, wato ofis, a gidan, sauran mazan 'yan kasuwa ne da ba su san hutun Lahadi ba, sai nauyin ya hau kansa. Shi ma yana so, kada in yi masa ƙarya. Lahadin farko bayan albashi zai ɗauki shatar taksi biyu, a cusa mu wani kan cinyar wani, a kai mu bakin kogin Wouri mu ga jiragen ruwa. Daga nan a wuce unguwar Akwa a saya wa kowa gilas, madarar ƙanƙarar nan mai zaƙi da ake lasa. Yana gaba da farar riga da karabat irin na ma'aikata ɗaure a wuya, muna biye da shi kamar 'yan tsaki.

Ƙofar da ke kallon tamu ta Gwaggo ce. Ba mu haɗa jini da ita ba, zama ne ya sa muke kiranta haka. Mijinta yana sayar da tukwane a kasuwar Dakar ta nan cikin gari, ita kuma tana tuyar ƙosai. Babbar 'yarta sa'ata ce, ƙawata kuma, kwano ɗaya muke ci. Ni da ita muna da wata wauta tamu: duk jirgin da muka gani a tsaye sai mun gaishe shi. Mu kama hannun juna mu ƙwala, "Sannu da zuwa! Ya hanya?" Baba ya yi ta dariya yana cewa jirgin ba ya jin Hausa.

Sai lakiris ta zo, matsin tattalin arzikin nan da ya kama ƙasa. Haka kowa ke kiranta, kamar sunan wata baƙuwa da ta sauka ta ƙi tafiya. Aka zabge albashi, kafin mutane su farfaɗo aka sake zabgewa, daga baya kuɗin ma kansa ya rasa daraja. Ina jin manyan mutane a rediyo suna cewa kowa ya ƙara haƙuri, an kusa fita. Har yau in na tuna muryoyin nan raina yakan ɓaci. Su wa suka taɓa tsayawa suna auna wane yaro za a ɗauka, wane za a bari? Mu ne muka yi haƙurin, a cikin tukunyarmu da takalmanmu, su kuma suka yi jawabin.

Baba bai faɗa wa kowa a gidan yawan abin da aka yanke masa ba. Kullum da safe karabat ɗin nan na wuyansa, takalmi na sheƙi, ko da a ƙafa zai tafi biro. Wata na farko ya ce ruwa ya yi yawa, ba za a fita ba. A Douala wannan ba ya wuyar samu. Wata na biyu ya ce akwai aiki. Ƙannena biyu maza suka sa shi gaba da naci, safe da yamma, har ya yi musu alkawari.

Ina shara a ɗaki na ji suna magana da Mama. Ya ce ya duba ta ko'ina, abin da zai iya shi ne taksi ɗaya da gilas uku, shi da ita su haƙura.

Mama ta ce, "To ka faɗa musu mana. Wa bai san halin da ake ciki ba?"

"In tsaya a tsakar gida in ce ba ni da shi? Ni? Jamais."

In Baba ya koma Faransanci, magana ta ƙare. Dabarar da ya kawo ita ce a ce asibiti za mu. Ba mai roƙon a tafi da ɗansa asibiti. Sai dai ana bukatar marar lafiya, kuma ni aka zaɓa, wai ni ce babba, na iya riƙe bakina, ga ni dama siririya. Ba a tambaye ni ba. An dai kira ni an gaya mini cewa ranar Lahadi zazzaɓi nake yi.

Ranar Mama ta shafe ni da man zafi har idona na hawaye, ta lulluɓe ni da tsohon zane, ta cusa kayanmu masu kyau a jakar leda. Muna fitowa matan gida suka taso. Sannu, sannu, yaushe ya kama ta? Gwaggo ta bar kaskonta a wuta ta zo wurin Mama.

"Yaya, ku bar mini ƙananan mana. Me za su je yi lopital?"

Mama ba ta shirya wa wannan ba. Ta ce, "Rigakafi za a yi musu."

Rigakafi, ranar Lahadi! Gwaggo ta dube ta, ta dubi jakar ledar, ta ce Allah ya sawwaƙe. Ƙawata kuwa ta kutsa ta ɗora tafinta a goshina.

"Ai jikinki ba zafi."

Baba ya ce, "Na ciki ne, 'yata. Ya fi muni."

Ta raka mu har bakin titi tana riƙe da gefen zanena. Ni kuma ina tafe ina langaɓewa kamar yadda aka koya mini, kunya na cin raina.

A bayan wani shago da ke rufe muka canja kaya, kusa da kwata, Mama na kare mu da mayafinta. Daga nan komai ya tafi yadda aka tsara. Muka je bakin ruwa. Akwai wani babban jirgi baƙi a tsaye, irin wanda muke so. Ƙannena suna tsalle, Baba yana ta nuna musu abubuwa da murya sama da yadda ya saba. Ya ce da ni, "Ba za ki gaishe shi ba?" Na ce ai ba ni da lafiya. Ya juya ga ƙannena, daga nan muka wuce Akwa.

Na sha gilas ɗin, ba zan ce ban sha ba. Yarinya ce ni, kuma na yi wata biyu ina mafarkinsa. Amma warin man zafi na hancina, kuma Mama na tsaye a kanmu da hankici, kada ɗigo ya taɓa riga. Da muka gama aka goge mana baki, aka sake bita: ina muka je, me likita ya ce, wane hannu aka yi wa allura.

Abin da ban yafe ba ya faru ne a hanyar dawowa. Baba ya tsaya wurin mai tallar magani a bakin titi, ya sayi 'yan ƙwayoyi da kwalbar sirop, don a gan mu da ledar magani in mun shiga gida. Na ga abin da ya miƙa. Ya isa gilas ɗaya har da canji. Ƙawata kuma ba ta bukatar kujera a taksi, a cinyata take zama tun da can. Ashe akwai kuɗin mutum ɗaya. An dai gwammace a kashe shi a kan ƙaryar.

Muka koma tsofaffin kayanmu, muka shiga gida, aka shimfiɗa mini tabarma na kwanta. Mata suna ta shigowa dubiya, ni da cikina ke sanyi da gilas ina amsa sannu da ƙyar. Ƙannena an tsare su a ƙuryar ɗaki tare da Baba, don ba a yarda da bakinsu ba.

Bayan la'asar Gwaggo ta shigo da kwanon kunu mai zafi, har da tsamiya, irin wanda ake dama wa majinyaci. Ta zauna kusa da ni, ta ɗago kaina ta ba ni da ludayi. Ta ɗauki kwalbar sirop ta juya ta, ba a ko buɗe ba, ta ajiye. Sannan ta yi ƙasa da murya, amma labule ne kawai tsakaninmu da Baba.

"Yaya, wata mai zuwa in za ku fita, ki yi mini ido kawai. Zan riƙe nawa a ɗaki, zan gaya wa sauran matan su ma. Kowa ya san yadda gari yake. Amma don Allah kada ku ƙara kira wa yarinyar nan ciwo da bakinku. Ba kyau."

Mama ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta ci gaba da ba ni kunun har na shanye, don ba ta saba barin aiki rabi ba.

Na yi zaton shi ke nan, an daina fita. Ina! Baba ya ɗauka in ya fasa, ya amsa laifi ke nan. Da wata ya ƙare ya ce mu shirya, kuma a ɗaki za mu sa kayanmu masu kyau.

Muka fito da hantsi. Tsakar gidan nan da ba ta taɓa yin shiru ba, ba kowa. Ga turmi, ga bokitai a bakin famfo, ga takalman yara zube a bakin kowace ƙofa, ƙofofin kuma duk a rufe. Ana jin motsinsu a ciki. Wani ƙarami ya fara kuka, uwarsa ta ce masa shhh. Baba ya tsaya a tsakiya yana gyara karabat ɗin da ba abin da ya same shi. Na so ya buɗe baki ya kira su, ko da a ƙafa za mu je, ko da ba za a sha komai ba. Kallon jirgi dai kyauta ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "On y va," wato mu tafi, ya yi gaba.

Ni ce ta ƙarshe. Ina wucewa ta ƙofar Gwaggo na ji an matso jikin katakon daga ciki, sai muryar ƙawata ta fito ta kafar makulli, a hankali don kada uwarta ta ji.

"Ke. Ki gaishe mini da jirgin."