Ruwan Gwaggo Hadiza

Wata Asabar ce, shekarar da na cika tara, ina shanya kaya a bayan gida a tsibirin La Réunion, sai ga wasu ma'aikatan lafiya, mace da namiji, sun shigo da safar roba a hannu. Suka gaisa da Gwaggo Hadiza, ƙanwar babana, wadda ta ɗauko ni daga Zinder in taya ta renon 'ya'yanta, don mijinta yana koyar da lissafi a can. Namijin ya leƙa duron da muke tarar ruwan sama, ya kira Gwaggo ya nuna mata wasu ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, sannan ya sa kafaɗa ya tuntsurar da duron. Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Ruwa fa! Ruwa ka zubar, ɗan nan!" Da Hausa ta faɗa, shi kuwa murmushi yake yi.

Wanda bai taso a Zinder ba ba zai gane ba. Mu da muke tashi da jarka mu bi layin famfo, ruwan wanke shinkafa ma sai an ba awaki. A tsibirin nan sama ba ta gajiya da zubowa, famfo yana cikin ɗaki, amma Gwaggo ba ta yarda da shi ba. Bokiti, tsohuwar tukunya, gwangwanin madara, butocin alwala a jere ƙarƙashin ayaba, duk cike. Ma'aikatan suna fita ta sa na mai da duron gurbinsa.

Ba a daɗe ba zazzaɓin dengi ya kama Rakiya, 'yarta ta fari, wadda muke wasan 'yar gala-gala tare a gindin mangwaro. Tana kuka tana cewa ƙasusuwanta ake karyawa, bayan idonta yana ciwo. Da ta goge haƙori jini ya fito, aka kwantar da ita asibiti. Likita ya ce tsutsotsin cikin duro su ne ke zama sauron da ke kawo cutar, mai zanen fari a ƙafa, da rana yake cizo, kuma ruwan da ke cikin murfin kwalba ya ishe shi haihuwa. Rakiya ta tashi, amma ta rame har zanenta ba ya zama.

Gwaggo ba ta daina tara ruwa ba, ba ta iya ba. Sai ta yanka tsohon gidan sauro, ta ɗaure bakin kowane mazubi da robar taya. Ni kuma aikina ya zama zagaye bayan kowane ruwa: kife ɓawon kwakwa, zazzage tayar da yara ke lilo, sauya wa kaji ruwa, wanke butoci a kife su. Tana bina tana cewa, "Wanda aka rufe namu ne, wanda aka bari a buɗe nasu ne."

Yanzu ina Lyon a Faransa, bayan mun baro Saint-Denis, babban birnin tsibirin, da 'yata Nana mai shekara biyu. Bazarar da ta wuce na ga sauron nan a hannunta da rana tsaka, na gane shi tun kafin in kashe shi. Tun ranar nake sauka farfajiyar benenmu ina zubar da ruwan da ke kwance a farantan ƙarƙashin tukwanen furanni. Wata madam da ke hawa na biyu ta kai ƙarata wurin mai kula da gidan. Baban Nana ya ce, "Haba Zara, za ki jawo mana magana a ƙasar mutane." Na ce a jawo. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, Faransancina ma a karye yake, amma na taɓa riƙe wa yarinya kwano tana tofar da jini.

A can ni da Gwaggo muke zagayen, Rakiya tana zaune tana mana dariya. A nan ni kaɗai ce, ana leƙena ta taga. Gobe an ce za a yi ruwa, kuma zan sauka.